Majigin Da Ya Nuna Cin Bashi, Ya Ɓoye Ranar Biya

 Maganar yau a kan wani majigi ce da Amurkawa suka fitar a watan Disamba na 2014, sunansa Unbroken, watau wanda bai karaya ba. Wata mace, Anjalina Joli, ita ta shugabanci aikinsa, an kuwa ɗauko shi daga littafin da Lora Hilanbaran ta wallafa a 2010 bisa rayuwar wani soja mai suna Luwi Zamperini. Kada malami ya ce ina ruwansa da majigi. Almajiransa suna kallo, yaran kanti suna kallo, abin da ido ya gani kuwa ya fi zama a zuciyar yaro bisa abin da aka karanta masa. Ga shi kuma waɗanda suka tsare mutumin nan su ne dai Japanawan da sojan Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, suka kara da su a dazuzzukan Bama, cikinsu har da kakannin masu karanta wannan shafi da yawa.

An haifi Zamperini a 1917, iyayensa baƙi ne daga Italiya. Ya tashi a Kalifoniya gagararren yaro, ga sata, ga faɗa, har wansa ya karkatar da shi ga wasan tsere. A 1936 ya je gasar Olamfik a Balin yana ɗan shekara 19, ya zo na takwas a tseren mita 5,000, amma zagayen ƙarshe ya gama shi cikin daƙiƙa 56, har Hitila ya sa aka kira shi suka gaisa. Da yaƙi ya zo ya shiga sojan sama. Ran 27 ga Mayu, 1943, jirginsu ya lalace ya faɗa tekun Fasifik, cikin mutum 11 uku kaɗai suka fita da rai. Suka zauna cikin kwalekwalen roba, ruwan sama shi ne abin sha, ɗanyen tsuntsu da kifi abin ci, manyan kifaye masu cin mutane suna kewaya su dare da rana. Ɗaya ya rasu bayan kwana 33. A kwana na 47 sojan ruwan Japan suka tsinci biyun da suka rage kusa da tsibiran Mashal. Daga nan sai kurkuku bayan kurkuku har shekara biyu da ɗoriya, inda ya faɗa hannun wani kofur, Mutsuhiro Watanabe, wanda fursunoni suka laƙaba wa suna Tsuntsu.

Gaskiya dai a faɗe ta, kashin teku an yi shi da kyau. Mai kallo yakan ji ƙishi ya kama shi. Amma majigin nan mai tsawon minti 137 ya ƙare ne a ranar da Zamperini ya sauka gida a 1945, danginsa suka rungume shi. Sauran rayuwarsa, kusan shekara 69, sai aka tattara ta cikin 'yan layukan rubutu da hotuna kaɗan, a daidai lokacin da jama'a suka fara miƙewa suna neman takalmansu.

To, ga abin da aka tsallake. Mutumin ya dawo da jiki, bai dawo da hankali kwance ba. Ya yi aure a 1946, amma kusan kowane dare sai ya yi mafarkin Watanabe yana dūkansa. Ya kama shan giya don barci ya ɗauke shi. 'Yan kuɗin da ya samu suka salwanta a cinikayya marar kan gado, wadda ya shiga da nufin tara guzurin komawa Japan ya nemo kofur ɗin nan ya kashe shi. Wani dare yana mafarkin ya shaƙe Watanabe, ya farka ya tarar wuyan matarsa ne a hannunsa, tana kuwa da ciki. Aure ya kai bakin mutuwa. A 1949 matar ta ja shi zuwa wa'azin wani malamin Kirista, Bili Giraham, a wata babbar rumfa a Los Anjalas. A nan ya tuna da bakancen da ya yi a tsakiyar teku, cewa in Allah ya fid da shi zai bauta masa muddin ransa. Ya koma gida ya tuttular da giyarsa, ya kuma ce tun daga daren nan mafarkin bai sake zo masa ba. A 1950 ya tafi kurkukun Sugamo a Tokiyo, inda aka tsare waɗanda suka yi gadinsu, ya tsaya gabansu ya ce ya yafe. Daga baya ya buɗe sansanin gyaran kangararrun yara irinsa na dā.

Addininsa nasa ne, ba a nan maganar take ba. Maganar ita ce masu majigin sun nuna shi cikin hadari, igiyar ruwa tana wurgi da shi, yana ɗaukar wa Ubangiji alkawari, sa'an nan suka ƙi nuna cikawar. Kowane ɗan kasuwa ya san littafin da aka rubuta cin bashi a ciki, aka bar shafin biya fari, ba littafin kirki ba ne. Wane malami ne kuma zai ja ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, ya bi ta rijiya, ya bi ta hannun fatake, ya kai kurkuku, kāna ya rufe littafi ran da aka fito da shi, bai kai ga ranar da 'yan'uwansa suka tsaya gabansa alhali yana da ikon ramawa ba? Ba a daidaita soja da Annabi ba, Allah ya kiyaye, tsarin labari ake nufi. Juriyar dūka abu ce da jaki ma yana da rabonsa a ciki. Wahalar da ta keɓanta ga ɗan Adam ita ce ya samu sarari a kan wanda ya zalunce shi ya kame hannunsa, wannan kuwa ita aka mayar rubutun bango.

Masu kare majigin sukan ce lokaci ne bai isa ba. Ashe lokaci ya ishi sanda? Kusan rabin aikin dūka ne bisa dūka, yau da gora, gobe da ƙulli, har ido ya saba, tausayi ya dushe. Akwai wurin da aka sa shi ɗaga wani katako mai nauyi bisa kansa. Wannan ya faru, wani fursuna ya lissafa minti 37. Amma an ɗauke shi da kiɗa da haske kamar ranar cin nasara ce, aka sa mai kallo ya ɗauka nan aka gama da Watanabe, alhali kuwa shekara huɗu bayan haka mutumin yana nan cikin barcinsa. Sunan majigin kansa ya zama rabin gaskiya, domin ya karaya, a gidansa ma, bayan an daina harbi. Gidajen da tsofaffin sojan Bama suka dawo cikinsu ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Akwai kuma rage mudu a wajen sauran mutane. A majigi an jera fursunoni kowa ya naushe shi shi kaɗai, amma a littafin hafsoshi da dama aka jera tare da shi. Fursunonin nan ba gumaka ba ne masu jiran sanda. A sansanin Omori sun ƙware wajen satar sukari da shinkafa daga wuraren da ake kai su dako, suna ɓoyewa cikin tufafi, suna ciyar da marasa lafiya, suna kuma lalata kayan yaƙin da aka ba su lodi. Abin da ya raya da yawansu ke nan a wurin da, bisa lissafin kotun Tokiyo, kusan 27 cikin ɗari na fursunonin Turawa suka mutu, alhali a hannun Jamus da Italiya wajen 4 cikin ɗari ne. Haka nan littafin ya ambaci Japanawa masu tausayi, kamar Kawamura mai gadi a tsibirin Kwajalin, da Kano tafinta a Omori wanda ya riƙa taimakon fursunoni a ɓoye, yana sayar da ransa. Majigin bai ba irinsu wuri ba. Shaidar da ta faɗi sharrin mutane ta yi shiru kan alherinsu, alƙali ba ya cika hukunci da ita. Majigin ma bai samu shiga gidajen kallon Japan ba sai a watan Fabrairu na 2016.

A 2018 waɗansu daban suka yi majigi na biyu don cike giɓin, amma bai kai ko kusa da yawan masu kallon na farko ba. Shi kuwa Watanabe, wanda sunansa ya shiga jerin mutum 40 da Janar Makata ya fi nema, ɓuya ya yi har aka janye tuhuma a 1952, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ya zama attajiri a harkar inshora. A watan Janairu na 1998 Zamperini ya koma Japan yana gab da cika shekara 81, ya yi gudu da wutar Olamfik ta Nagano kusa da Nawetsu inda aka azabtar da shi, ya nemi su gana. Watanabe ya ƙi. Ya mutu a 2003, Zamperini kuwa ya rasu ran 2 ga Yuli, 2014, yana da shekara 97, wata biyar da 'yan kwanaki kafin a fara nuna majigin a Amurka.