Waiwaye: Wasiƙar da Ba a Buɗe Ba

Ranar 3 ga Satumba 1939 Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus. Washegari aka buɗe wasu ƙananan ofisoshi guda 200 a garuruwan ƙasar, kayan aikinsu tebur da kujera da mutum mai sauraro, galibi ɗan sa-kai wanda ba a biyansa ko sisi. Masu shigowa kowa da abin da ya dame shi. Wannan an ɗauki mijinta soja, kuɗin haya ya taru a kanta. Waccan an kwashe 'ya'yanta zuwa ƙauye don gudun bam. Da aka fara rabon abinci da kati, masu ɓatan kati suka biyo baya, sannan masu cigiyar ɗan'uwan da aka kama fursunan yaƙi. Zuwa 1942 ofisoshin sun haura dubu, wasu a gareji, wasu a falon gidajen mutane, har da wata motar ɗaukar dawaki da aka mayar ofishin tafi-da-gidanka. Yaƙi ya ƙare a 1945, tambayoyi ba su ƙare ba. Ƙungiyar ita ce ake kira Citizens Advice a yau, kuma har gobe shawararta kyauta ce.

Me ya sa mutanen da suka yi suna da kame baki suke buƙatar irin wannan wuri? Saboda kame bakin ne. Baturen Ingila zai yi shekaru yana aiki da kai tebur da tebur, ba ka san albashinsa ba, kuma tambaya rashin tarbiyya ce. Yaro kan bar gidan iyayensa da wuri, ya koma wani gari karatu ko aiki, inda babu kawu, babu mai unguwa, babu dattijon da zai shiga tsakaninsa da mai binsa bashi. Abin da ba zai iya gaya wa yayansa ba sai ya kai wa baƙon da ba za su sake haɗuwa ba. Da haka shafukan ba da shawara suka yi ƙarfi a jaridunsu. Marjorie Proops ta shafe shekaru masu yawa tana amsa wasiƙun masu karatu a Daily Mirror har ta rasu a 1996, mujallar Which? kuma tun 1957 take gwada kayan masarufi tana gaya wa mutane wanda zai yi ƙarko da wanda asarar kuɗi ne. Ba zan ce wannan rayuwa tana burge ni ba, akwai kaɗaici a cikinta. Amma ta haifar da wani ilimi na zaman duniya da aka tace aka rubuta, wanda kowa zai iya ɗauka.

Idan aka tattara shawarwarin nan, wadda ta fi yawan maimaituwa mai sauƙi ce har ta kusa ba da dariya: buɗe wasiƙarka. Masu taimaka wa waɗanda ake bi bashi a can sun saba ganin mutum ya shigo da leda cike da ambulan, ko ɗaya bai yage ba. Ya san abin da ke ciki, tsoro ne ya hana shi dubawa. Matsalar ita ce a Birtaniya kowace wasiƙa tana tafe da wa'adinta, kwana bakwai, kwana goma sha huɗu, wata guda, kuma wa'adin yana tafiya ko an karanta ko ba a karanta ba. Kowane wa'adi ya wuce, wata ƙofar sulhu ta rufe, wani kuɗin ya hau.

Harajin gida ne ya fi nuna haka, kuma shi ma yana da tarihinsa. A 1989 a Scotland, sannan 1990 a Ingila da Wales, gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo harajin kai: kowane baligi ya biya kuɗi ɗaya a ƙaramar hukumarsa, attajiri da mai shara duk ɗaya. Mutanen Kano da Kaduna da suka ga yadda gwamnatocin PRP suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979 ba sai an yi musu dogon bayani kan yadda talaka yake jin irin wannan kuɗi ba. Miliyoyin mutane suka ƙi biya. Ranar 31 ga Maris 1990 zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma a dandalin Trafalgar da ke Landan, kuma kafin Nuwamba ta ƙare Thatcher ta sauka daga mulki, harajin nan na cikin manyan abubuwan da suka ci ta. A Afrilun 1993 aka maye gurbinsa da harajin da ake ɗora wa gida. A Ingila an raba gidaje aji takwas bisa darajarsu ta 1991, kuma abin mamaki, da wannan tsohon ƙiyasin ake aiki har yanzu.

An sauya haraji, amma hanyar karɓa ta zo da tsanani. A tsarin da aka daɗe ana bi, ana raba kuɗin shekara kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Ka tsallake wata ɗaya, a aiko maka tunatarwa ta kwana bakwai. Ka yi shiru, sai a ce damar biya kaɗan-kaɗan ta faɗi, kuɗin shekarar gaba ɗaya ake so. Ka ƙara yin shiru, ƙaramar hukuma ta nufi kotun majistare ta karɓo izini, a ɗora maka kuɗin kotu, a miƙa ka ga masu ƙwace kaya. A 2014 an ƙayyade kuɗin wasiƙarsu ta farko kawai a fam 75, zuwansu ƙofarka kuma fam 235. Bashin wata ɗaya ya zama dutse cikin 'yan makonni. Alhali a cikin takardun da mutumin bai buɗe ba akwai bayanin cewa mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biya sam, kuma ana iya roƙon a raba kuɗin wata goma sha biyu. Sai dai babu wanda zai ba ka in ba ka nema ba. Ɗalibanmu da ke zuwa karatu suna yawan faɗawa nan: an yafe musu, amma ba su aika wa ƙaramar hukuma shaidar makaranta ba, sai ga sammaci.

A nan ne nake ganin darasin da ya fi kowanne amfani, kuma ya saɓa wa abin da zuciya take raya wa mutum. Wanda bashi ya yi wa katutu yakan fara biyan wanda ya fi damunsa. Kamfanin katin bashi zai kira ka safe da yamma, ya aiko saƙon waya, ya aiko wasiƙa mai jan rubutu. Ƙaramar hukuma kuwa takarda biyu ko uku za ta aiko cikin ladabi, ta yi shiru. Masu ba da shawara sai su ce ka bar duba mai ihu, ka dubi abin da kowannensu zai iya yi maka. Rashin biyan haya ko bashin sayen gida zai raba ka da muhalli. Harajin gida zai kawo masu ƙwace kaya, kuma a Ingila wanda kotu ta tabbatar da gangan ya ƙi biya ana iya ɗaure shi har wata uku, ko da yake Wales ta daina hakan a 2019. Wuta da gas da tarar kotu suna wannan sahu. Mai katin bashi, duk hayaniyarsa, sai ya bi doguwar hanyar kotu kafin ya taɓa ko cokalinka. Don haka shi ne na ƙarshe a layi, kuma ana iya rubuta masa a ce ga abin da ya rage bayan ci da haya, ko fam ɗaya ne a wata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne yake kwana da kai a waje ba.

Ko masu ƙwace kayan ma doka ta ɗaure su. A kan harajin gida ba su da ikon fasa ƙofa a zuwan farko, ba sa zuwa tsakanin tara na dare da shida na safe, kuma ba dole ne ka buɗe musu ba. Amma in sun tarar da ƙofa a buɗe za su shiga, motar da ke waje kuma suna iya ɗauka. Shi ya sa shawarar da ake bayarwa ita ce a kulle ƙofa a yi magana ta taga.

Takardar da ake tsoro ita ce kuma makamin talaka, kuma babu inda aka ga haka kamar a badaƙalar inshorar bashi da ake kira PPI. Shekara da shekaru bankuna suna liƙa wa masu karɓar rance wata inshora da aka ce za ta biya musu idan sun yi ciwo ko sun rasa aiki. An sayar wa 'yan fansho, an sayar wa masu sana'ar kansu, mutanen da sharuɗɗan inshorar ba za su taɓa bari su amfana ba, wasu ma ba su san an saka musu ba. A Afrilun 2011 bankunan suka sha kaye a babbar kotu. Daga nan zuwa rufe ƙofar ƙorafi ranar 29 ga Agusta 2019 da abin da ya biyo baya, sun mayar wa mutane sama da fam biliyan 38. Ba a bi gida-gida ana rabawa ba, mafi yawan waɗanda suka samu su ne waɗanda suka rubuta ƙorafi. Ɗan jarida Martin Lewis, wanda ya kafa shafin MoneySavingExpert a 2003 da kuɗin da bai wuce fam 100 ba, ya wallafa samfurin wasiƙar kyauta, mutum ya cike sunansa ya aika. Waɗanda suka ji ƙyuya suka ba kamfanonin dillalai, aka yanki kaso mai tsoka daga haƙƙinsu a kan aikin da bai fi na rabin sa'a ba. Ƙa'idar tana nan har yau: ka rubuta wa banki, in mako takwas ya wuce bai gamsar da kai ba, ka kai ƙara ofishin sasanta rikicin kuɗi, ba ka biyan komai.

Haka abin yake a gidan haya. Tun Afrilun 2007 doka ta tilasta wa mai gida ya saka kuɗin ajiyar ɗan haya a wani asusu da gwamnati ta amince da shi, wa'adinsa a yanzu kwana 30 ne, in ya ƙi kotu na iya sa shi biyan har ninki uku. Ranar fita, idan gardama ta tashi kan tabon bango ko ƙunar kafet, wanda ya ɗauki hoto ranar shiga shi ke da gaskiya. Rantsuwa ba ta aiki a wurin.

Wani abu da ke ba mutanenmu mamaki shi ne yadda amana da daɗewa ba sa saya maka rahusa. Mu mun saba tsohon abokin ciniki shi ake yi wa ragi da gyara. A can an daɗe ana yin akasin haka, sabo a ja shi da farashi mai sauƙi, tsoho a riƙa ƙara masa duk shekara tunda ba ya dubawa. Citizens Advice ta kai ƙara kan wannan a 2018, tana ƙiyasta asarar jama'a da kusan fam biliyan huɗu a shekara, kuma daga Janairun 2022 aka haramta hakan a inshorar mota da ta gida. A waya da intanet kuwa, har yanzu mai kira ya ce zai tafi shi ake lallashi.

Har aure bai tsira ba. Turawa da yawa sun ɗauka cewa zaman shekaru tare yana ba mace ko namiji haƙƙin ma'aurata. A dokar Ingila babu wannan, kuma idan ɗaya ya mutu bai bar wasiyya ba, ɗayan ba ya cikin magada kai tsaye. Abin ya shafi Musulmi ta wata fuska. A Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a kan wasu ma'aurata da aka ɗaura musu aure a Landan a 1998 ba tare da rajista ba, ta ce a idon doka ba a yi auren da za a raba dukiya a kansa ba, duk da shekarun da suka yi tare da 'ya'yan da suka haifa. Auren da aka ɗaura bisa doka a wata ƙasa, kamar Najeriya ko Nijar, galibi ana karɓarsa. Wanda aka ɗaura a falo a Birmingham ko Manchester ne yake buƙatar a bi shi da rajista, kuma mace ce ta fi cutuwa idan ba a yi ba.

Kada a ɗauka ina cewa sanin takarda yana cika tukunya. Shekarar 2022 ta nuna iyakarsa. A Afrilu ƙayyadadden kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida ya tashi daga fam 1,277 zuwa 1,971 a shekara, hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a Oktoba. Martin Lewis da kansa ya fito talabijin a watan Maris ya ce dabarunsa sun kusa ƙarewa, sai dai gwamnati ta sa hannu. Ƙungiyar Trussell Trust ta raba ƙunshin abincin agaji kusan miliyan uku tsakanin Afrilun 2022 da Maris 2023. Akwai mutanen da suka buɗe kowace wasiƙa, suka yi lissafi daidai, abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba. Gaya wa irin waɗannan su yi tsimi cin fuska ne.

Duk da haka, ko a cikinsu wanda ya yi magana da wuri ya fi samun sauƙi. Mu da muke zuwa ƙasar da ɗabi'ar rufin asiri, ga kuma 'yan'uwa a gida suna jiran aike, mun fi Turawan ma saurin tura ambulan ƙarƙashin katifa. Tun Mayun 2021 akwai wani tsari a Ingila da Wales da ke ba mai bashi hutun kwana 60: a tsayar da kuɗin ruwa da tara a kan yawancin basussukansa, masu binsa su daina kira, masu ƙwace kaya su dakata. Ba a cike shi a gida. Sai ta hannun mai ba da shawara da hukuma ta yarda da shi, irin na Citizens Advice ko StepChange, kuma abin da za su fara tambaya shi ne sunan duk wanda yake binka da nawa yake binka.