Wankan Ganye Na Mura Ne, Kada Mu Ɗora Masa Abin Da Ya Fi Ƙarfinsa

Damina ta kankama a Ibadan, kuma duk layin da ka bi a Sabo da yamma sai ƙamshin ganyen darbejiya da na lemun tsami ya tare ka. Mura ta shigo gida, uwa ta ɗora tukunya. Wata ta ƙara ganyen mangwaro da na gwaiba, wata ta jefa citta da kanumfari, a sirka da ruwan sanyi, a zaunar da yara a baho.

Mu dai ba ma cikin masu kiran wannan ƙauyanci. Masu faɗin haka su ne za ka gani a kemis suna sayen Amoxil don yaro ya yi atishawa sau uku. Mura bairos ke kawo ta, irin wannan maganin kuwa bai taɓa bairos ko kaɗan. Kwana 7 zuwa 10 take yi ta tafi abinta, ko an sha ko ba a sha ba. Ruwan ɗumi ma ba ya kashe ta, amma yana sassauta majina, jiki ya saki, yaro ya samu barci. Ai wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Rigimarmu da kanmu ce, da yadda muke yin abin. Yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya, ga risho, ga katifa, ga yara huɗu. A haka za a sauke tukunya tana tafasa, a lulluɓe ɗan shekara biyu da bargo wai sirace, yana ihu ana danne shi. Ƙafa ɗaya zai harba, ruwan ya kwararo masa a cinya. Haba jama'a! Sirace na babba ne mai iya cewa zafi ya yi yawa. Yaro ruwan ɗumi ya ishe shi, uwa ta fara tsoma gwiwar hannunta ta ji.

Sai kafur. Wannan farin ƙwallon da muke sa wa a akwatin kaya don kyankyaso, wasu na murƙushe shi cikin ruwan wankan jariri, wasu su lakato Robb su narka. Yara da dama a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da jinin da bai jure kafur. Jinin ya farfashe, ido ya yi ɗorawa, shawara ta hau kai, sai mu ce iska ce.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne jinkiri. Yaro na zafin jiki kwana uku, numfashi na fizga, amma kaka ta ce a ƙara masa wanka, maƙwabciya ta miƙo agbo a kofi. Uwar yaron ta ga abin ba daidai ba, sai dai kunyar uwar miji ta hana ta buɗe baki, maigida kuma yana wajen canjin kuɗi sai dare. To nimoniya, wadda muke kira sanyin haƙarƙari, da kamannin mura take fara shigowa. Zazzaɓin cizon sauro ma haka, ga shi nan kudu sauro bai da hutu. Babu ganyen da ke wanke huhu daga cikin baho. Iyayenmu mata, mun san ku kuka raini mu da wannan tukunyar, Allah ya saka. Amma in suruka ta ce a je asibiti, ba raini ba ne, a bar ta ta je. Ku kuma maza, ku bar kuɗin mota a gida.

Gane bambancin ba sai likita ba. A ɗaga rigar yaro yana kwance ba ya kuka, a duba agogon waya, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, akwai matsala. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. In ƙasan ƙirji na lotsawa ciki duk jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a sauke tukunya a nemi Keke. Gwajin maleriya ɗigon jini ne a yatsa, minti 20 an gama, kuma daga Mokola zuwa UCH ba wata tafiya ba ce.