RA'AYI: Sakaci ya fi faɗuwa kashe kyamara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe a Kano ya san yadda ƙura ke turnuƙewa idan mahaya suka saki linzami. A tsakiyar wannan ƙura ake hango masu ɗaukar hoto suna aiki. Wani ya cire gilashin gaban kyamara yana musanya shi da wani, bakin kyamarar a buɗe yana kallon sama. Wani kuma ya ja gefen rigarsa ya goge gilashin, ya ci gaba da dannawa. Babu wanda kyamararsa za ta tsaya a ranar, shi ya sa ɗabi'ar ta ƙi mutuwa. Sai bayan watanni, idan ɗigo-ɗigon baƙi ya fara bayyana wuri guda a kowane hoto, ake ɗora laifin a kan kamfani ko a kan wanda ya sayar.

Gaskiyar magana, yanayin ƙasar nan ba ya ragawa kyamara. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can gindin tafki ne. Ƙurar tana da laushi a ido, amma a cikinta akwai ɓarɓashi mai kaifi. Goge gilashi da riga ko hankici tamkar murza shi da yashi ne: siririn shafen da aka yi wa gilashin domin rage ƙyalli yana kankarewa, kuma ba ya dawowa. Ƙa'idar ita ce a fara hure ƙurar da 'yar robar busa iska, sannan a shafa da tattausan ƙyallen da aka yi domin haka. Hurawa da baki ƙara yawu ne a kan ƙura.

Matsalar ta ƙaru da zuwan kyamarori marasa madubi, waɗanda yanzu suka mamaye kasuwa. A tsohon ƙira akwai madubi da ke tare farantin da ke karɓar haske. A yawancin sababbin, da zarar an cire gilashi farantin ya fito fili. Don haka musanya gilashi aikin cikin mota ne ko bayan bango, a kashe kyamarar, a juya bakinta ƙasa, a gama cikin daƙiƙu kaɗan.

Ana fita daga hunturu sai zafi. Littattafan da Canon da Nikon ke haɗawa da yawancin kyamarorinsu sun ƙayyade aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos. A watan Afrilu, inuwa ma kan haura 40 a Sakkwato da Maiduguri, balle cikin motar da aka kulle a rana. Nan ake gasa batir, nan man da ke cikin gilashi ke narkewa ya malala inda bai kamata ba.

Damina ce ta fi yaudara. Kowa na gudun ruwan sama, amma kaɗan ne ke tsoron danshi. Kyamarar da aka jefa cikin jaka da laima, aka rufe a kabad na makonni a watan Agusta, fumfuna na iya tsirowa a cikin gilashinta kamar saƙar gizo-gizo, har ta ci fuskar gilashin. Haka wanda ya fito da kyamara daga ɗakin taro mai sanyin na'ura a Abuja kai tsaye zuwa waje: raɓa za ta kwanta mata ciki da bai. Maganin bai kai kuɗin cin rana ba. A bar ta cikin jaka a rufe har ta saba da zafin waje, a gida kuma a ajiye ta cikin mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ana zubarwa.

Masu manyan kyamarori kan ce tasu an toshe ta daga ƙura da ruwa. An toshe ɗin, amma domin yayyafi, ba domin mamakon ruwa ba, kuma toshewar ba ta da amfani idan gilashin da aka ɗaura bai da irin ta. Faɗuwa kuwa ba ta san tsada ba. Igiya a wuya da murfin gilashi sun ceci kyamarori fiye da kowace fasaha.

Ba masu ɗaukar hoto kaɗai ke da laifi ba. Kafafen yaɗa labarai da ofisoshin hulɗa da jama'a na gwamnati kan sayi kyamara ta miliyoyi, a yi hoton miƙa ta, amma ba a ware ko sisi na jaka mai kyau, kayan gogewa, ko akwatin tsotse danshi ba. Kyamara guda ta riƙa yawo hannun mutum biyar, babu rajistar wanda ya ɗauka, babu wanda aka ɗora wa alhakin duba ta. Kowa ya ƙi sharar masallaci, in ji Bahaushe, zai yi ta kasuwa. A da ana iya jurewa. Amma tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma kyamara da kayan gyaranta duk daga waje ake shigo da su.

Ya kamata kowane edita da kowane mai shagon hoto ya saka kula da kayan aiki cikin kasafin shekara, ya kuma koyar da shi ga yaran da ke koyon sana'a kafin a koya musu saita haske. Ɗan jarida mai zaman kansa da ake turawa filin hawa ko wurin ambaliya da kyamararsa ta kansa shi ma ya cancanci a saka haɗarin kayansa cikin kuɗin aikin. Kyamara a iya gyara ta, ko da sai an tura ta Legas an jira makonni. Amaryar da aka ɗauki hotunan kamunta da gilashi mai fumfuna, babu wanda zai sake tara mata dangi domin a maimaita.