Ayyukan Cibiyar Nazarin Muhalli ta Stockholm kan tsaftar makewayi

Cibiyar Nazarin Muhalli ta Stockholm, wadda ake taƙaita sunanta da SEI, cibiyar bincike ce da gwamnatin Suwidin ta kafa a shekarar 1989. Ɗaya daga cikin fannonin da aka san ta da su shi ne binciken tsarin makewayi mai ɗorewa a ƙasashe masu tasowa. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a shekarar 2022 mutane kusan biliyan 3.5 ba su da makewayi mai ingantaccen tsari, kuma kimanin miliyan 419 suna bahaya a fili.

Manufa

Cibiyar tana ɗaukar fitsari da bahaya a matsayin abin da za a iya sarrafawa ya koma taki. Mafi yawan sinadarin naitirojin da jiki ke fitarwa yana cikin fitsari ne, don haka shirinta na EcoSanRes, wanda hukumar raya ƙasashe ta Suwidin ta ɗauki nauyinsa, ya mayar da hankali kan masan da ke raba fitsari da bahaya ba tare da amfani da ruwa ba. A shekarar 2007 cibiyar tana cikin waɗanda suka kafa ƙawancen SuSanA.

Gwaji a Sin

A Erdos da ke yankin Mongoliya ta Ciki, inda ruwa ke ƙaranci, an saka irin wannan masai a gidaje sama da 800 da ke cikin benaye. Mazauna gidajen sun koka da wari, musamman lokacin tsananin sanyi, ga kuma kurakuran gini da wahalar kula da na'urorin. A shekarar 2009 aka cire su aka mayar da masan ruwa.

Gwaji a Nijar

A Aguié da ke jihar Maraɗi, cibiyar ta yi aiki tare da cibiyar CREPA ta Wagadugu da asusun IFAD. Manoma sun riƙa tara fitsari a jarkoki, su rufe su ajiye na tsawon wata guda don rage ƙwayoyin cuta, sannan su zuba wa gero da kayan lambu. An sa masa suna "takin ruwa", sunan da ya sa mutane suka rage ƙyamarsa.

Sharhi

Waɗannan gwaje-gwaje biyu sun nuna cewa ingancin fasaha kaɗai ba ya tabbatar da karɓuwa. Manomin Aguié yana ganin amfanin takin a gonarsa, kuma takin zamani yana masa tsada. Mazaunin bene a Erdos kuwa ba shi da gona, kuma yana kwatanta masansa da na maƙwabta masu ruwa. Daga baya binciken cibiyar ya karkata ga tambayoyin kuɗi da shugabanci: wa zai kwashe, wa zai biya, wace hukuma ce za ta sa ido. Littafin da ta fitar tare da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ya bi wannan hanya. Muradi na 6 na ci gaba mai ɗorewa ya sa 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu yin hakan.