Alƙalami goma a akwati, ɗaya a aljihu

Duk wanda ya zauna a bencin lakol kafin bik ya gama gari bai manta da kurtun tawada da ke lafe cikin ramin tebur ba, da bakin ƙarfe na Sergent-Major, da tawada mai launin shunayya wadda ke ɓata yatsu da kaye, har mushe ya ɗaga murya. A wancan zamani yaron da ya samu alƙalami mai shan tawada, wanda ƴan lakol ke kira sitilo, ya fita tsara. A yau kuwa wannan alƙalami ya koma hannun masu sha'awa, waɗanda ke tara shi kamar yadda wasu ke tara agogo ko tsofaffin kuɗi. Sha'awa ce mai daɗi, amma tana cin dukiya, kuma wanda ya shige ta ido rufe yakan wayi gari da akwati cike, alhali ba shi da guda ɗaya da hannunsa ya aminta da shi.

Neman alƙalamin da ke riƙe tawada cikin cikinsa daɗaɗɗen abu ne. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa halifan Faɗimiyya Mu'izzu, wanda ya hau mulki a 953, ya sa an ƙera masa alƙalamin da ba ya bukatar kurtu kuma ba ya ɓata tufafi. A 1827 gomnatin Faransa ta ba wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, takardar shaidar ƙirƙiro irinsa. Amma matsalar zubar tawada ta ci gaba har 1884, lokacin da Lewis Waterman, a birnin Niyok, ya fito da dabarar tsaga ƴan siraran hanyoyi a ƙarƙashin bakin: tawada na gangarowa ta ciki, iska na hawa ta cike gurbinta. Wannan ma'auni tsakanin iska da tawada shi ne ran alƙalamin har gobe.

Daga nan kamfanoni suka shiga tsere. George Parker ya kafa nasa a 1888 a Amurka, ya fito da Duofold a 1921, sannan Parker 51 a 1941, mai baki a lulluɓe don kada tawada ta bushe. A Jamus, Montblanc ya fito da Meisterstück a 1924, kuma lambar 4810 da ke bakinsa tsayin dutsen Mont Blanc ne a mitoci. Pelikan ya kawo alƙalami mai famfo a ciki a 1929, Lamy ya fito da Lamy 2000 a 1966. A Japan akwai Sailor tun 1911 da Pilot tun 1918. A Shanghai ta ƙasar Sin, kamfanin Hero ya yi 616 a kan siffar Parker 51, da arahar da ta kai shi aljihun talaka.

Abin da ya karya kasuwarsu sananne ne. László Bíró ɗan Hangare ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938, Marcel Bich ya fito da Bic Cristal a Faransa a 1950, kuma a 1965 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta yarda a yi rubutu da shi a aji. Sunayen mutanen biyu ne suka zama biro a bakin Hausawan Najeriya da bik a bakin na Nijar.

To, mai tarawa yakan bi matakai uku. Da fari suna ne ke jansa: yana son farar tauraruwar Montblanc ta leƙo daga aljihun babbar riga ranar taro. A nan ne ƴan jabu ke cin kasuwarsu, domin kaya mai tsada shi aka fi kwaikwayo. Bakin zinariya na gaske yakan ɗauki lamba 585 in karat 14 ne, ko 750 in karat 18 ne. Wanda aka miƙo da sunan Montblanc, amma bakinsa na ɗauke da rubutun "Iridium Point Germany", ba na gidan ba ne. Attajirin da ba ya sayen buhun wake sai ya soka masa bututu, bai kamata ya sayi alƙalami don kyan akwatinsa ba.

Mataki na biyu shi ne na yawa: kowane launi, kowace ƙasa, kowane zamani. Mataki na uku, wanda ba kowa ke kai wa gare shi ba, shi ne ranar da mutum zai lura cewa cikin goman nan guda ɗaya ne hannunsa ke nufa kowace safiya. Sau da yawa ba shi ne mafi tsada ba. Dalili kuwa a fili yake: alƙalami abin hannu ne, hannu kuma ba ya karanta suna. Abin da ya sani shi ne nauyi, da kaurin mariƙi, da yadda baki ke tafiya kan takarda. Mai ƙananan haruffa da ke cika layin lissafi a littafin shago zai fi jin daɗin siririn baki mai alamar F. Mai sa hannu da manyan lanƙwasa zai so M ko B. Bakin Japan kuma yakan fi na Turai siranta ko da alamarsu ɗaya. Saboda haka mai hankali ba ya biya sai ya rubuta shafi guda cur a kan irin takardar da yake aiki da ita, domin takarda maras kyau tana shan tawada ta watsa ta.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukunci. A Maraɗi ko Damagaram, hunturu na busar da bakin da aka bari ba murfi cikin ɗan lokaci, zafin bazara kuma na kumbura iskar da ke cikin alƙalamin da tawadarsa ta yi ƙasa, ta turo sauran cikin murfi, daga nan zuwa farar riga. Maganin shi ne a tsai da shi baki sama, a nisanta shi da rana, a wanke shi da ruwan sanyi lokaci zuwa lokaci. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da ƙaro, da tawadar zane ta Sin, ba sa shiga cikinsa, domin suna toshe hanyoyin nan na Waterman.

Akwai kuma gargaɗin da ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci kai tsaye. Shuɗiyar tawadar ƴan lakol an yi ta ne don ta wanku, kuma akwai magogin da ke ɓatar da ita. Takardar bashi, ko ta cinikin fili, ko rajistar ma'aikata, tana bukatar tawadar da aka yi don dawwama, wadda ruwa ba ya ɗauka. Alƙalamin zinariya da tawada mai gogewa bai kare haƙƙin kowa ba.

Tara alƙaluma ba laifi ba ne, tarihi ne ake adanawa. Amma da malamin allo zai ga akwatin, da ya yi murmushi, domin shi da wuƙarsa yake fere nasa daga kara, yana gwadawa yana gyarawa har ya dace da hannunsa. Abin da ake nema ke nan. Wanda ya samu nasa, ko na araha ne, ya riƙe shi da kyau, kuma kada ya ba da aro, domin hannun da bai saba ba yakan danna baki kamar bik ya lanƙwasa shi.