Gwanjon intanet: ribar da ake ɓoyewa a cikin kuɗin aike

A kasuwar Dole ta Damagaram, in mutum ya taya buhun gero aka sallama masa, ciniki ya faɗa ke nan. Abin da zai ba mai dako ya kai masa buhun gida, wannan tsakaninsa da mai dako ne, kuma kowa ya san kimarsa. Ba a taɓa jin mai hatsi ya sallama buhu a jaka biyar, sannan ya ce dole shi ne zai kai kayan gida kuma ladan dakonsa jaka ashirin ba. Ranar da wani ya gwada haka, kasuwa za ta taru a kansa. Amma irin wannan cinikin ne ake yi kullum a shafukan gwanjo na intanet, kuma cikin waɗanda ake yi wa har da 'yan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam, Jamus da Amurka, da ƙannensu na gida masu aika musu hotunan kayan da suke so a saya musu.

Mafi shahara a cikin waɗannan shafuka shi ne eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a jihar Kaliforniya ta Amurka a shekarar 1995. Tsarinsa bai da wuyar fahimta ga wanda ya san cinikin dabbobi: mai kaya ya baje hajarsa, ya sa farashin farawa da ranar rufewa, masu so su yi ta tayi, wanda tayinsa ya fi na kowa a lokacin da aka rufe shi ke da kaya. Kamfanin kuma dillali ne, yana cire la'adarsa daga ciniki. Ta wajen la'adar nan ne ɓarakar ta fara shigowa.

Shekaru da yawa eBay yana lissafa la'adarsa a kan farashin da aka sayar da kaya kawai, ban da kuɗin aike. Masu wayo ba su daɗe ba suka gano ƙofar. A ɗauka mutum biyu ne, kowanne yana da tsohuwar wayar salula da yake son ta kawo masa yuro 60. Na farko ya sayar a yuro 55, ya sa kuɗin aike yuro 5. Na biyu ya sayar a yuro 20, ya sa kuɗin aike yuro 40. A wurin mai saye ba cinya ba ƙafar baya, yuro 60 ne suka bar aljihunsa. A wurin dillali kuwa da bambanci: in a ce la'ada kashi 10 cikin ɗari ce, na farko zai biya yuro 5 da rabi, na biyu yuro 2 kacal. Haka aka yi ta ganin kayan da aka fara gwanjonsu a kan senti 99 na dalar Amurka, alhali kuɗin aikensu ya ninka ainihin kuɗin gidan waya sau da yawa.

Kamfanin bai zauna ba, domin aljihunsa ake taɓawa. A 2007 ya kawo tsarin da mai saye ke ba mai sayarwa taurari a kan abubuwa daban-daban, ciki har da kuɗin aike. A 2008 ya ƙayyade iyakar abin da za a iya karɓa na aike a kan wasu kayayyaki kamar littattafai da faya-fayai. A 2011 kuma, a Amurka, ya fara cire la'ada daga jimillar abin da mai saye ya biya, har da na aike, daga baya tsarin ya isa wasu ƙasashe. Wannan ya toshe asarar kamfanin. Ta mai saye kuwa tana nan, domin gudun la'ada ba shi kaɗai ne dalilin dabarar ba.

Dalili na biyu yana cikin idon ɗan Adam. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ita ke shiga rai, wadda aka maƙala a ƙasa da ƙananan baƙaƙe sai a karance ta a wuce. Wasu masana tattalin arziki biyu, Tanjim Hossain da John Morgan, sun gwada abin a aikace: suka riƙa sayar da faya-fayan kiɗa da na wasannin Xbox a eBay, wani da ƙaramin farashin farawa da kuɗin aike mai yawa, wani akasin haka. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna cewa ƙaramin farashin farawa da kuɗin aike mai ɗan nauyi ya fi jawo masu tayi, kuma ya fi kawo wa mai kaya kuɗi, muddin bai wuce gona da iri ba. Wato mutane na tayi kamar sun manta akwai wani lissafi a gefe. Duk wanda ya taɓa zama da waya a hannu ana saura minti biyu a rufe gwanjo, wani na ƙara yuro ɗaya shi ma yana ƙarawa, ya san a wannan lokacin ba lissafi ke aiki ba, zuciya ce. So ake a ci nasara, sai bayan an ci a tuna da kuɗin aike.

Masu wannan sana'a suna da amsar da suka saba bayarwa: ai ba a ɓoye komai ba, kuɗin na nan a rubuce, wanda ya taya ya gani ya yarda. Gaskiya ne an rubuta. Amma an rubuta shi da sunan da ba nasa ba. In mutum ya ce yuro 40 kuɗin aike ne alhali yuro 6 ya biya a gidan waya, ragowar 34 farashin kaya ne da aka sa wa rigar aro. Mai awon da ya lotsa gindin tiyarsa shi ma a gaban mai saye yake awo, ba a ɗaki ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan ya wanke shi daga ha'inci.

Sunan da aka ba kuɗin kuwa yana da tasiri ranar da ciniki ya lalace. In kaya sun zo ba kamar yadda aka bayyana su ba, ƙa'idar eBay ta tanadi a mayar wa mai saye kuɗinsa har da na aiken farko. Amma in shi ne ya canza ra'ayi, ko takalmin bai shige shi ba, mai sayarwa na iya mayar da farashin kaya kawai ya riƙe na aike. A misalin nan na sama, wanda ya saya a hannun mutum na farko zai karɓi yuro 55, wanda ya saya a hannun na biyu zai karɓi 20, kuma shi zai biya kuɗin mayar da kwalin. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi abu ta intanet kwana 14 ya fasa, kuma ta tilasta a mayar masa har da kuɗin aike na yau da kullum. A Faransa dokar Hamon ta 2014 ce ta shigar da wannan tanadi. Sai dai dokar ta shafi 'yan kasuwa ne masu rajista. Wanda ke sayar da tsohuwar kwamfutarsa daga ɗakinsa ba ya cikinta, kuma irinsa sun cika gwanjo.

Ga ɗan Nijar lamarin ya fi haka tsanani, saboda hanyar da kayan ke bi. Masu sayarwa da yawa ba sa aikawa Nijar kai tsaye. Don haka saurayi a Maraɗi ko Tawa zai ga waya ko kayan gyaran mota a shafi, ya ɗauki hoton, ya tura wa yayansa da ke Birasel ko Greensboro: «Yaya, dubi wannan, yuro 20 kacal, don Allah a taimaka.» Yayan, wanda wataƙila ya dawo daga aikin dare ke nan, ya shiga ya taya ya ci. Sai ya tarar 60 ne. Daga nan ya jira matafiyi mai sayar da kilo, ko kamfanin da ke tara kaya ya aika Yamai, ya sake biya. Ranar da ya gaya wa ƙanen abin da wayar ta ci gaba ɗaya, ƙanen ba zai ce komai ba, amma hoton da ke cikin wayarsa yuro 20 ya nuna, kuma zargi ya riga ya shiga. Shi yana ganin an ci da guminsa, yayan kuma yana ganin ya yi hidima an saka masa da tuhuma. Baturen da ya ƙara kuɗin bai san ana yi ba, ya riga ya shiga wani cinikin. Kuɗin kansa ba ƙarami ba ne: yuro ɗaya sefa 655,957 ne a ƙayyade, don haka yuro 40 sun haura jaka 26, cefanen kwanaki a gidaje da yawa.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. Kariyar da eBay ke ba mai saye tana da wa'adi, kwana 30 ne a yawancin lokuta, kuma ba ta bin kayan da aka miƙa wa wani kamfanin fito ya wuce da su wata ƙasa. Kafin kwali ya bar Turai, ya sauka Yamai, ya hau motar safa zuwa Damagaram a buɗe shi a ga gilashin wayar a tsage, sau da yawa wa'adin ya shige.

Wanda kuma aka aiko masa kai tsaye, duwan na jiransa. Ma'aikatan duwan ba a kan farashin kaya kaɗai suke lissafi ba, suna haɗawa ne da kuɗin inshora da na sufuri. Saboda haka mai murnar cewa takardarsa ta nuna yuro 20 bai tsira da komai ba, kuma duk abin da mai sayarwa ya ƙara na zalama sai an biya masa haraji. In ƙarin ya kai yuro 25, wato kusan sefa 16.400, harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kaɗai zai ɗora fiye da jaka uku a kai, ban da sauran kuɗaɗen shigo da kaya.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa ba kowane kuɗin aike mai yawa ne cuta ba. Aika kwali daga wata nahiya zuwa wata yana da tsada ta gaskiya. Kamfanoni irin su DHL ba nauyi kawai suke dubawa ba, har da girman kwali: su ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000, in abin da ya fito ya fi nauyin sikeli, da shi za su yi lissafi. Shi ya sa fitilar mota, wadda ba ta da nauyi amma tana cin wuri, kan zo da kuɗin aike mai ban mamaki ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Ga kuɗin kwali da soso da salatif, ga la'adar da yanzu ake cira har a kan kuɗin aiken. Mai sayarwar da ya ƙara yuro biyu ko uku saboda waɗannan bai ci haƙƙin kowa ba. Wanda ya rubuta cewa aike kyauta ne shi ma ba sadaka yake ba, ya zuba kuɗin a cikin farashi ne, amma aƙalla lambar da ya nuna ita za a biya. Matsalar tana wurin wanda zai aika katin ajiyar waya da ambulan zai ɗauka, ya nemi kuɗin da zai aika injin niƙa. Ko wanda aka sayi abu uku a hannunsa, ya zuba su a kwali ɗaya, ya karɓi kuɗin aike sau uku.

Abin takaici, dabarar ta riga ta iso gida, kuma a nan babu ma kamfanin da zai sa iyaka. Masu talla a Facebook, WhatsApp da TikTok daga Yamai zuwa Maraɗi da yawansu sun koyi sa farashi mai daɗi a kan atamfa ko turare, sai an ce ana so a ji kuɗin kai kaya, wanda ba ya da alaƙa da abin da ɗan kabu-kabu ko tashar mota ke karɓa. Masu yi wa mutane odar kaya daga Sin wasunsu ba sa faɗin kuɗin kilo sai kaya sun sauka, lokacin da mai saye ba shi da mafita. In an yi magana, amsar a shirye take: hanya ta yi tsada. Kuma hanya ta yi tsada ɗin. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke bi ta Kwatano sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kowa ya ji a jikinsa. Amma daidai saboda tsadar gaskiya ce shi ya sa ta zama mafaka mai kyau ga mai son ƙari. Jama'ar ƙasar da ba ta da teku sun saba jin cewa sufuri ne ya cinye, har sun daina tambaya.

Tambayar kuwa ba ta da wuya. La Poste ta Faransa da gidan wayar Amurka da manyan kamfanonin aike duk suna da jadawalin farashi a shafukansu, mutum na iya sa nauyi da ƙasar da za a kai ya ga kimar abin cikin minti ɗaya. A eBay ana iya jera kaya bisa farashi haɗe da kuɗin aike, daga mafi araha, kuma da an yi haka masu senti 99 sai su gangara ƙasan layi. Wanda zai yi tayi ya fara yanke iyakar abin da zai iya kashewa gaba ɗaya, ya cire kuɗin aike da na kilo da na duwan, abin da ya rage shi ne tayinsa na ƙarshe, ko da saura daƙiƙa goma wani ya ɗara shi. Mai son abu biyu ko uku a hannun mutum ɗaya ya rubuta masa kafin tayi ya nemi a haɗa aiken, domin bayan an ci gwanjo ba sauran ciniki. Ƙanen da ke tura hoto kuma ya tura shafin gaba ɗaya, har da layin nan na ƙasa mai ƙananan baƙaƙe.

A gida abin ya fi sauƙi ma. Kowace tashar motar safa da ke karɓar saƙo tana ba da rasit, da nauyi ko kimar kaya da abin da aka biya a rubuce. Mai sayarwar da ya ce ya kashe jaka biyar wajen aiko turmin atamfa daga Yamai zuwa Tawa, ɗaukar hoton wannan takarda ya tura ta WhatsApp ba zai ci masa ko dala ɗaya ba.