Wa Ya Ce Mumbari Gadon Maza Ne?

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce naɗa mace fasto baƙuwar al'ada ce da aka kwaso daga Amurka. Ban yarda ba, kuma ba zan yi shiru ba.

Ka kafa hujja da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti, sura 2. To, ka buɗe Romawa sura 16. Bulus ɗin nan ne ya yabi Fibi, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, ya kuma gai da Biriskilla, matar da ta zauna da mijinta suka gyara wa Afolos koyarwarsa. Debora fa? Alƙalanci ta yi wa Isra'ila, har ta tura Barak yaƙi. A wane jirgi waɗannan suka zo daga Amurka?

Ka zo Tudun Wada a nan Minna ranar Lahadi ka ƙirga kawuna. 'Yan Zumuntar Mata ne ke cika benci. Su ke ziyarar asibiti, su ke kwana gidan makoki, su ke koya wa yara Littafi Mai Tsarki, kuma daga cinikinsu na Kasuwar Kure baiko ke fitowa. Uwata ta shekara ashirin tana wannan aiki, ba a taɓa neman shawararta a majalisar dattawa ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Na san ECWA da Angilikan na Najeriya ba su naɗa mata fasto. Amma a birnin Benin, Margaret Idahosa ta zama bishop a 1998, ta karɓi ragamar Church of God Mission bayan rasuwar mijinta, kuma majami'un nan ba su watse ba.